Yoyon Gaskit ɗin Manifol: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Gyara Shi

Mota ce lafiyarta ƙalau a kan hanya, ka taka totur ta amsa, ka tashi daga Bauchi har Alkaleri ba ta yi maka gardama ba. Amma da ka shiga cunkoson Wunti ka tsaya, sai inji ya kama rawa, allurar silo, wato jujjuyawar inji idan mota na tsaye ba a taka totur ba, tana hawa tana sauka, wani lokaci ma ta mutu sai an sake yi mata ki. Ga wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama. Daga nan sai gareji: a canza fulogi, a wanke nozul, a wanke bakin injekta, in abin ya ƙi a ce a sayo famfon mai. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan daram. Sau da yawa abin da ke damun irin wannan motar bai wuce wata 'yar roba da ta bushe tsakanin manifol da kan silinda ba, kuma ana iya tabbatar da hakan tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. A kan wannan tabbatarwar zan fi daɗewa, domin a nan ne aljihun mai mota ke tsira ko ya ƙone.

Aikin gaskit ɗin

Inji yana da manifol biyu. Ɗaya yana kwashe hayaƙi zuwa salansa, ɗayan kuma, wanda muke magana a kai, shi ne mai raba iska ga kowace silinda. A tsofaffin motoci na alminiyam ne, a na baya-bayan nan galibi baƙar roba ce mai tauri. Inda ƙafafunsa suka haɗu da kan silinda akwai gaskit da ke toshe kowace kafa. Kada a haɗa shi da tof gaskit, wanda ke can ƙasa tsakanin kan silinda da gangar inji. Wancan babban aiki ne, wannan kuwa a motoci da yawa aikin safiya ɗaya ne.

Duk iskar da za ta shiga inji sai ta bi ta filta, sannan ta wuce ta na'urar awon iska, wadda 'yan gareji ke cewa iya fulo mita. Da wannan awon ne kwamfutar mota ke yanka fetur, wajen giram 1 na mai ga giram 14.7 na iska. Idan gaskit ya buɗe, wata iskar za ta sato hanya ta shiga ba a ƙirga da ita ba. Kamar mai dama kunu ce ta auna gasara daidai da ruwa, wani ya ƙara ruwa a bayan idonta: dole kunu ya tsinke. Haɗin mai da iska ya yi ruwa-ruwa, wuta ba ta kama shi da kyau, inji ya shiga misin, wato wata silinda na tsallake kama wuta.

Dalilin da ya sa ciwon ya fi tashi a tsaye shi ne wannan. A silo bakin totur a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, zuƙar cikin manifol kuma tana da ƙarfi ƙwarai, don haka 'yar ƙaramar kafa ma tana da tasiri. Da ka taka totur, iskar halal ta yi yawa, zuƙa ta ragu, ta satar ta zama ba a bakin komai ba. Riƙe wannan da kyau, don da shi za mu bambance yoyo da sauran cututtukan da ke kama da shi.

Yanayinmu ma yana da hannu. Zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40, ga zafin inji a kai, yana gasa robar shekara da shekaru har ta daina miƙewa. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, sanyin asuba ya sa ta ƙanƙance, kafa ta buɗe. Shi ya sa za ka ga mota tana rawa da sassafe, in inji ya ɗau zafi ta lafa, mai ita ya ce ai sanyi ne kawai. Abin da ya fi damuna a nan ƙura ce. Iskar da ke bi ta kafar ba ta ga filta ba, ƙurar hunturu ce tsagwaronta ke shiga silinda tana cin ringin fistin.

Akwai injin da ya yi suna da wannan matsala, kuma ya cika titunanmu: 1ZZ-FE mai lita 1.8, na Corolla daga 2003 zuwa 2008, wanda kuma ke cikin Matrix da Pontiac Vibe na wannan zamanin. Baƙin gaskit ɗin da suka fito da shi yana bushewa, har Toyota ta sauya shi da wani mai ruwan lemo. Duk mai irin wannan mota da ta nuna alamun nan, gaskit ɗin na sahun farko a zargi. Amma zargi ba hujja ba ne.

Tabbatarwa kafin a taɓa sifana

Fara da na'urar karanta kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar, a ƙarƙashin sitiyari. Ko ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa wannan aikin. Lambobin da ake yawan gani su ne P0171, wato mai ya yi kaɗan a haɗin, da P0174 idan inji mai ɓangare biyu ne irin V6. Wani lokaci P0300 ta biyo baya, alamar misin, ko P0507, alamar silo ya wuce ƙa'ida.

A nan ne masu na'ura da yawa ke tsayawa: su karanta lamba, su goge, su karɓi kuɗinsu. Lambar ba ta ce gaskit ba, cewa kawai ta yi mai bai isa ba. Ka nemi a buɗe maka wurin da ke nuna bayanan inji yana aiki, a nemo STFT da LTFT. Waɗannan biyun suna faɗin yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita haɗin. Ka bar inji ya yi zafi, ka haɗa lambobin biyu a silo. A lafiyayyen inji jimillar ba ta cika wuce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Idan ta haura +10, akwai magana. Sai ka taka totur ka riƙe allurar silo a kan 2500 na kamar rabin minti kana kallo. Idan lambar ta sauko kusa da sifili, misali daga +22 zuwa +4, iska ce ke satar hanya. Idan kuwa a silo tana da dama-dama amma tana hawa yayin da ka ƙara wuta, to bar gaskit ya huta: ko dai ƙura ta rufe iya fulo mita, ko famfon mai ya gaji, ko filtar mai ta toshe. Gwajin minti biyu ke nan, amma ya raba gardamar da ake sayen kaya uku a kanta.

Wasu motocin, kamar tsofaffin Honda da yawa, ba su da awon iska a bututu, ƙarfin zuƙar cikin manifol suke aunawa da na'urar MAP. A irinsu yoyo ya fi bayyana da hawan silo ko hawa da sauka, lambobin mai kuma su zauna kusan daidai.

Wanda ke da agogon awon zuƙa zai iya ƙarawa da shi. Lafiyayyen inji a silo yana ba da inci 17 zuwa 22 a bakin teku, allura a tsaye cak. Amma awon yana raguwa da kusan inci 1 a kowace mita 300 ta tudu, garin Bauchi kuma ya kai wajen mita 600, don haka in ka ga 16 a nan kada hankalinka ya tashi. In aka haura Jos ma zai ƙara sauka.

Yanzu mun san iska na shiga, saura ta ina. Ba gaskit kaɗai ke yoyo ba, kuma sauran wuraren sun fi sauƙin dubawa, don haka da su ake farawa. Ka kama babban bututun robar da ke tsakanin filta da bakin totur, ka lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, nan yake tsagewa. Ka bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya, har da na numfashin inji da ke tasowa daga murfin bawul, wanda baƙin mai ke sa shi ya yi laushi ya fashe. Tiyon da ke zuwa tukunyar da ke ƙara wa burki ƙarfi (servo) kuma ka naɗe shi da tsumma ka matse da filaya a hankali: idan silo ya daidaita nan take, matsalar tana wajen burki, kuma sau da yawa direba zai gaya maka yana jin huci in ya taka feda, ko fedar ta yi tauri.

Idan duk waɗannan sun fita, ka samo guntun tiyo mai tsawon hannu, ka kara baki ɗaya a kunne, ɗaya kana bin gefen manifol da shi inji na aiki. Kafa tana fito, siriri mai kaifi. Ka kula da fanka da fanbel, ka naɗe hannun riga, in jamfa ce mai faɗi gara ka cire ta.

Sai gwajin feshi. Ruwa a robar feshi shi ne mafi aminci: ka fesa a layin da manifol ya haɗu da kan silinda, ƙafa bayan ƙafa, ka saurara. Idan ruwan ya faɗa kan kafa, muryar inji za ta canza na ɗan lokaci. Maganin wanke kafireto na gwangwani ya fi nunawa, don inji yana ƙona shi, za ka ji silo ya motsa, STFT kuma ta faɗo ƙasa da sauri. Amma yana kama wuta, saboda haka a yi shi inji bai yi zafi ba, feshi kaɗan-kaɗan, nesa da bakin salansa da wayoyin fulogi, ga abin kashe gobara a kusa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne yayyafa fetur da gora a kan inji mai aiki, yadda ake sa yaran gareji su yi. Tartsatsi ɗaya ya isa, kuma fuskar yaron ce mafi kusa.

Gwajin hayaƙi ya fi duka, gani ya kori ji. Inji a kashe, a sanyaye, a cire babban bututu daga bayan iya fulo mita, a toshe bakin da leda ko safar hannu ta roba a ɗaure, sannan a tura hayaƙi ta ɗaya daga cikin ƙananan tiyo. In babu injin hayaƙi, gwangwani mai murfi da tiyo biyu, da turaren tsinke a kunne a ciki, da famfon keke suna yin aikin, muddin an ajiye gwangwanin a ƙasa nesa da duk wani abu mai fetur. A riƙa bugawa a hankali, ba ƙarfi ake so ba. Ka haska da fitila ta gefe. Za ka ga wani siririn zare na hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙafar manifol yana lanƙwasa sama, daidai inda robar ta saki. Mai motar da ba shi zai yi aikin da hannunsa ba, abin da zai roƙa ke nan: "Oga, don Allah kafin a kwance komai, a nuna mini inda take shan iskar." Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan magana.

Idan ruwa ne ke ɓacewa

A wasu injinan, musamman V6 da V8, ruwan lagireto yana ratsa manifol, gaskit ɗin kuma shi ke tsare shi. Injinan General Motors masu lita 3.1 da 3.4 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sun shahara da wannan. Ruwan kan ziraro waje ya bar sawu a kusurwar manifol, ko ya gangara ciki ya gauraya da baƙin mai, ka zaro sandar awo ka ga mai ya koma launin shayi da madara. Ana gwadawa da famfon matsa lagireto, inji a sanyaye, a buga zuwa lambar da ke rubuce a kan murfi, galibi tsakanin bar 0.9 da 1.1, a ga ko allura za ta sauka. Kafin a yanke hukunci a tabbatar ba tof gaskit ba ne: shi yana tura kumfa cikin lagireto, kuma shuɗin ruwan da ake gwada hayaƙi a lagireto da shi yana komawa ruwan ɗorawa. A Corolla da muka ambata ruwa ba ya bin wannan gaskit ɗin, in tana shan ruwa a nemi dalilin a wani wuri.

Al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse zalla tana da laifi babba a nan. Babu maganin tsatsa a cikinsa, yana cin alminiyam a bakin hanyoyin ruwa har ya yi ramuka, sabon gaskit ma ya rasa wurin zama.

Sayen gaskit

Ka tafi da lambar shasi, in da hali har da tsohon gaskit ɗin. Na 1ZZ-FE da aka gyara lambarsa 17171-22060. In babu a gari, dillalai na sa a kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano. Gaskit ba abin saye na hannu ba ne, ko da an ce daga injin Beljiyam aka ciro shi, don ya riga ya kwanta. Na jabu kuma roba ce kawai da ba ta jure zafi. Araha ba ta ado. Ka haɗa da gaskit ɗin bakin totur, da zobban robar nozul idan sai an ciro nozul ɗin.

Kwancewa

Inji ya huce sarai. Cire baƙar wayar batir. Ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa, ka manna wa kowane tiyo da soket salatif mai lamba. Kafin ka buɗe komai, ka kore ƙura da yashin da suka taru a kwarin manifol da iskar kwamfireso, ko ta mai faci ce, domin da zarar ka ɗaga, duk abin da ke wurin cikin inji zai faɗa.

Idan bututun nozul a jikin manifol yake, sai an sauke ƙarfin mai tun kafin a cire batir: a zare fis ɗin famfon mai, a tayar da inji a bar shi ya mutu da kansa. Idan ruwa na bin manifol, a tsiyaye lagireto cikin roba, a ɗauke daga inda yara ko awaki za su kai, don ruwan sanyaya inji yana da zaƙi kuma guba ne.

Cire bututun iska, soket-soket da tiyo-tiyo. Tsofaffin soket suna karyewa, a danna harshensu, kada a ja waya. Kwance ƙarfen da ke tallafe manifol ta ƙasa, wanda ake yawan mantawa da shi a yi ta fama. Sannan notocin manifol, daga na gefe zuwa na tsakiya, kaɗan-kaɗan. Idan ya ƙi ɗagowa, akwai notin da ya rage. Kada a cusa sukundireba a ɓanɓare. A Corolla ba lallai a fitar da shi gaba ɗaya ba, janye shi baya kaɗan ya isa a kai ga gaskit.

Da ya buɗe, abu na farko shi ne toshe ramukan kan silinda da tsumma mai tsabta, ka ƙirga nawa ka sa. Wosha ɗaya in ta faɗa ciki ba a gani ba, fistin da bawul ne za su biya. Ka dubi tsohon gaskit ɗin: lafiyayye yana tasowa sama da kwarinsa, mataccen kuwa ya kwanta ya yi daidai da roba, in ka lanƙwasa shi ya karye, kuma sau da yawa za ka ga baƙin sawun ƙura ya ratsa ta kansa a daidai wurin da hayaƙi ya fito.

A goge fuskokin biyu da tsumma da maganin wanki, abin da ya manne a kankare da roba. Ban da sanfefa, ban da buroshin waya: alminiyam yana da laushi, kuma yashin sanfefa in ya shiga inji ya gama da beyarin. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol a haska ta baya, in haske na wucewa ya karkace. Na roba a duba shi da kyau ko ya tsage a ɗinkinsa ko kusa da ramin noti, don in shi ne ya fashe, gaskit goma ba za su yi magani ba.

Ɗaurawa

Sabon gaskit na roba a bushe ake sa shi, a danna shi cikin kwarinsa har ya zauna ko'ina. Maganar gam ita ce inda na fi saɓawa da garejoji da yawa. An saba shafa shi a kan kowane gaskit wai don ƙarin tabbaci, alhali yana hana robar zama daidai, tururin fetur yana narkar da shi, abin da ya matso ciki inji ya zuƙe, wani nau'insa kuma yana kashe na'urar awon hayaƙi da ke jikin salansa. Inda ake sa gam shi ne kusurwoyin wasu injinan V, inda kan silinda ya haɗu da gangar inji, kuma sai in littafin motar ya ce a sa.

Zare tsummokaran, ka ƙirga su cika. Zaunar da manifol a miƙe, ka ɗaura kowane noti da yatsu tukuna. Matsewa daga tsakiya ake farawa a yi waje, ana tsallakawa hagu da dama, a zagaye biyu ko uku, ba a gama da noti ɗaya a wuce ba. A 1ZZ-FE ƙarfin matsewar 30 Nm ne a awon sifana, wasu manifol ɗin roba kuwa ba su kai rabin haka ba, don haka a nemi adadin motarka, a yi amfani da sifana mai awo, ko aro ne. Matsewa da ƙarfin damtse ita ke karkatar da manifol ko ta cinye zaren alminiyam. Zobban nozul a shafa musu ɗan sabon baƙin mai kafin a tura su, in ba haka ba su yage.

Mayar da komai kana duba hotunanka. Idan an zubar da ruwa, a cika da ruwan sanyaya inji na gaske, idan an tayar da inji a bar murfin lagireto a buɗe da hita a kunne har iskar ciki ta fita. Idan ruwa ya taɓa shiga baƙin mai, a canza mai da filta kafin a tayar, a kuma sake canzawa ba da daɗewa ba.

Haɗa batir, murɗa ki zuwa wuta sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba don mai ya cika bututu, ka duba ko yana ɗiga ko akwai wari. Tayar da ita, ka bar ta a silo ba totur ba na'urar sanyi har fanka ta kama. In silo ya ɗan yi sama a farko ba laifi, kwamfuta ce ke sake koyo, zai sauko wajen 650 zuwa 800. Goge lambobi, ka yi 'yar tafiya mai haɗe da gudu da tsayawa, misali ka fita hanyar Das ka dawo ta Yelwa, sannan ka sake duba STFT da LTFT a silo. Washegari ma a duba su inji na sanyi, tunda a lokacin ne kafa ta fi buɗewa.

Idan jimillar ta sauko amma ta maƙale a sama da +10, a sake hayaƙi, domin mota mai shekaru kan yi yoyo a wuri fiye da ɗaya, babban ya ɓoye ƙaramin. Idan hayaƙi bai fito ko'ina ba, a duba bawul ɗin tururin tanki ko ya maƙale a buɗe, a duba ko salansa na huci kafin na'urar awon hayaƙi, sannan a auna ƙarfin famfon mai da agogo. Idan kuma wutar cek ƙiftawa take yi maimakon tsayawa, misin ɗin ya yi tsanani har yana iya ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa: a faka motar, a gwada kwayil da fulogin silindar da lambar ta nuna kafin a sake hawa titi da ita.